Zango-Zango Zuwa Nazinga: Hanyar Kudu da Jikokin Fatake Suka Daina Kallo

Bahaushe ya ɗora wa kalmar zango kaya biyu. Zango shi ne wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma zango shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba, wato abin da jaki mai ɗauke da mangala zai iya ci daga asuba zuwa lokacin da rana ta take. A Wagadugu ma'anar farko ce ta yi gida har ta zama unguwa. Mosawa suka kira ta Zangouettin, mazaunin Hausawa, a tsakiyar birni, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama, ba nisa da fadar Mogho Naba, sarkin Mosawa. Nan jikokin fatake suka zauna da mahautansu da wanzamansu da malaman allonsu, har shekarar 2003, lokacin da gwamnati ta rushe unguwar tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin domin shirin ZACA na gina sabuwar cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Fili ne mai faɗin hekta 85 da mutum kusan 12,500 ke zaune a kai, aka kwashe su zuwa filayen Ouaga 2000 da Nioko. Gidajen sun tafi, amma har gobe mutum yakan ce shi ɗan Zango ne, a gane gidansu da kakanninsa.

Ma'ana ta biyu kuwa ta ɓace ba tare da an kawo katafila ba. Ɗan Zango na yau ya fi kakansa yawan tafiya, yau yana Kumasi, gobe Lome, jibi Yamai ko Kano, sai dai tafiyar ta koma daga tasha sai tasha. Motar da ta tashi daga Wagadugu ta nufi iyakar Gana tana cinye kilomita kusan 145 da ke tsakanin birnin da garin Po cikin awa biyu zuwa uku, fasinja yana gyangyaɗi ko yana duban waya, bai san ya ratsa gandun daji ba, bai san ya ƙetare kogin Nazinon ba, balle ya san cewa giwaye suna tsallaka wannan hanya tun kafin a zuba mata kwalta. Abin da nake son kafawa shi ne, iyali ko maƙwabta goma sha biyu su ɗauki shatar hayis guda, su ba wannan hanya kwana huɗu maimakon awa uku, suna sauka a ƙananan garuruwa suna zaman jiran namun daji, ba al'adar Nasara ba ce da za a aro. Gadon Zango ne da aka ajiye. Kuma a halin da Burkina Faso ke ciki, garuruwan hanyar da dazuzzukanta ba su da wani baƙo da za su sa ran gani in ba ɗan ƙasa ba.

A duba yadda ayarin Gwanja yake tafiya a ƙarni na 19. Fatake sukan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da baƙaƙen tufafi da jan kirgi da busasshiyar albasa, su ɗauki watanni kafin su isa Salaga su sayi goro. Wata hanyar ta bi ta Borgu, wata ta bi ta ƙasar Gurma, wani reshe kuma ya ratsa ƙasar Mosi ta Kupela da Tenkodogo da Wagadugu. Har yau harshensu yana manne a taswira: Fada N'Gourma fadar Gurma ce da bakin Hausa, Sansanne Mango ta arewacin Togo kuma sansani ne. Ayarin yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai wucewa gaba ya dubo hanya, da uban dawaki mai daidaita maganar fito da sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, da malami mai rubutu da addu'a. Duk waɗannan mutane sana'arsu kallo ce. Dole su san tabkin da ke riƙe ruwa har bazara da wanda ke ƙafewa tun hunturu, da dajin da zaki ke ɗaukar jaki, da kwarin da ba a sauka cikinsa saboda turbar giwaye ce, da garin da kasuwarsa ke ci kowane kwana uku. Da Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka sani da Malam Musa, ya taso daga Salaga ya iso Wagadugu a 1886, hanyar 'yan kasuwa ya biyo da harshen Hausa a bakinsa. Ilimin ƙasar da Turawa suka rubuta a littattafansu daga baya, kaso mai yawa daga bakin irin waɗannan matafiya suka ɗebo shi. Abin takaici ne a ce jikan madugu ya san farashin kaya a Guangzhou amma bai taɓa ganin gwanki ba, alhali yana kwance a rabin yini daga ƙofar gidansa.

Hanyar kudu ba ta da tsawo, shi ya sa ta dace da tafiyar sannu. Kimanin kilomita 40 daga birni sai Kombissiri, garin da ya yi suna da dankalin Hausa, inda mata ke jera shi tsibi-tsibi a bakin titi idan kaka ta yi, kuma a kusa da shi akwai tsohon masallacin ƙasa na Nam-Ymi. A lissafin jaki wannan zango biyu ne, mota kuwa ba ta kai awa guda, don haka yawancin matafiya ba su ga dalilin tsayawa. Daga nan sai Toece da Nobere, gonaki suna raguwa, kaɗanya da ɗorawa da marke suna ƙara kauri, har a shiga gandun dajin Kabore Tambi. An kafa shi a 1976 da sunan gandun dajin Po, faɗinsa ya haura hekta 150,000, daga baya aka sa masa sunan wani ma'aikacin daji da masu farautar sata suka kashe. Titin ya raba dajin biyu, kuma a nan ne ake ƙetare Nazinon, kogin da Faransawa suka kira Jan Volta kafin juyin juya hali ya mayar wa kogunan ƙasar sunayensu na gida. Shi kansa garin Po ƙarami ne, amma tarihin ƙasar ya taɓa juyawa a cikinsa: a nan Thomas Sankara ya shugabanci sansanin horar da kwamandoji tun daga 1976, daga nan kuma sojoji suka taso suka kama Wagadugu ranar 4 ga Agusta 1983. Yaron da aka karanta wa wannan a lakkol, idan ya tsaya a garin ya hango dutsen Nahouri daga kudu, karatun zai zauna masa daban.

Akwai kuma lissafin aljihu, wanda nake ganin ya fi komai sauƙin ganewa ga ɗan kasuwa. Babbar bas mai sanyi da ke wucewa kamar iska ba ta barin ko dala a Nobere. Kuɗin tikitin yana komawa kamfani a birni, man da ta sha an saya a birni, ruwan leda ma daga birni aka ɗauko. Hayis ɗin da ta tsaya sau biyar kuwa, ta sayi dankali a Kombissiri, ta ci tuwo a rumfar wata uwa a Toece, ta sa bakanike ya duba taya a Po, ta kama ɗakuna uku a masauki, ta ɗauki ɗan jagora, ta koma da zuma da man kaɗanya da daddawa. Da haka zango ya ginu tun asali. Mai masauki da mai abinci da dillali da mai sayar da harawa ba su ci daga ayarin da ya wuce ba, sun ci daga wanda ya sauka.

Namun daji kuwa ba su san gaggawa ba, kuma Nazinga ce ke koya wa mutum wannan. Tana yamma da Po, a bakin iyakar Gana, faɗinta ya haura hekta 90,000, kogin Sissili yana ratsa ta. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan Kanada, Clark da Robert Lungren, waɗanda suka tashi a ƙasar tun tana Haute-Volta, su suka kafa ta a 1979 da amincewar gwamnati, a lokacin da farauta da farin shekarun 1970 suka kusa share dajin. Dabarar tasu ba ta da wuyar faɗa. Dabba ba ta zama inda babu ruwan rani, sai aka gina madatsun ruwa fiye da goma. Wanda ya fi kowa sanin daji shi ne maharbi, sai aka ɗauki maharban ƙauyuka aikin gadi. Ƙauyen da ba ya samun komai daga daji ba zai kare shi ba, sai aka tsara yadda kamun kifi da farauta mai ƙa'ida da kuɗin baƙi za su riƙa taɓa mutanen kewaye. Cikin shekaru kaɗan giwaye suka kai ɗaruruwa, ga ɓauna, ga gwanki da kanki da gwambaza da mazo, ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a tsaye, ga gwaggon biri garke-garke, ga kadoji a kowace madatsa, ga burtu yana takawa cikin ƙonanniyar ciyawa. An gina masaukin Akwazena a bakin ɗaya daga cikin madatsun, kuma abin da ya yi wa wurin suna shi ne, daga Disamba zuwa Afrilu, idan ƙananan tafkuna suka ƙafe, giwaye da kansu suke zuwa shan ruwa da wanka a gaban mai zaune.

Sai dai ba su da agogo. Giwa tana shan ruwa fiye da lita 100 a yini, don haka zuwanta tabbas ne, lokacin ne nata. Wanda ya shigo da ƙarfe goma yana son ya juya da azahar yana iya komawa bai ga komai ba sai kashi da karyayyun rassa. Wanda ya kwana biyu shi ne zai ga abin da ba a gani a hoto: tsohuwar uwa ce ke jan garke, ita ke tsayawa ta ɗaga hanci ta shinshina iska kafin sauran su fito fili, ɗan da aka ɗauki cikinsa wata 22 yana tafiya a tsakanin ƙafafu, bai ma iya sarrafa hancinsa ba tukuna, toron giwa yana zuwa shi kaɗai, ba ya shiga sabgar kowa. Dabba mai wannan girma tana iya fitowa daga kurmi ba a ji motsinta ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, amma a bakin madatsar Akwazena sannu ce kaɗai ke kai mutum ga abin da ya zo nema.

Duk wanda ya san Burkina ta yau zai tare ni da maganar tsaro, kuma yana da gaskiya. Tun daga 2015 ƙasar take cikin yaƙi da masu ɗauke da makamai. A Janairun 2016 an kashe mutum 30 a harin otal ɗin Splendid da gidan abincin Cappuccino, a kan titin Kwame Nkrumah, a gefen tsohuwar Zango. A Disambar 2018 aka sace wata 'yar Kanada da abokin tafiyarta ɗan Italiya suna ratsa ƙasar da mota, ba su kuɓuta ba sai a Maris 2020 a arewacin Mali. A Afrilun 2021 aka kashe 'yan jarida biyu 'yan Sifen da wani ɗan Ayalan mai aikin kare namun daji a yankin Pama. Dazuzzukan W da Arli na gabas, waɗanda tare da Pendjari ta Benin suke riƙe da giwaye mafi yawa a Afirka ta Yamma da kusan duk zakunan da suka rage a yankin, sun zama mafakar 'yan bindiga. A 2023 waɗanda suka bar gidajensu sun haura miliyan 2. Dazuzzukan kudu ma ba su tsira daga wannan labari ba. Babu mai hankalin da zai ce a cika mota da yara a shiga daji saboda an karanta rahoto a mujalla. Akwai watannin da amsar ita ce a'a, kuma idan jandarmomin Po ko ma'aikatan daji suka ce a dakata, magana ta ƙare.

Amma a lura, wannan ma cikin ilimin zango yake. Ayari bai taɓa tafiya da ka ba. Aikin jagaba ke nan, ya riga mutane gaba, ya ji labari daga masu fitowa, ya dawo ya faɗa wa madugu a ci gaba ko a sauya hanya ko a zauna. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake ba su bar fatauci ba, sun karkata zuwa Kete-Krachi da sauran kasuwanni. Mosawa ma suna da nasu darasin da suke maimaitawa kowace Juma'a da sassafe a ƙofar fada: Mogho Naba yana fitowa da jajayen kaya, an ɗaura wa doki sirdi kamar za a tafi yaƙi, fadawa su roƙe shi ya fasa, ya koma ciki ya fito da fararen kaya. Fasa tafiya ma hukunci ne na mai tafiya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da dakatawa ta zama mantuwa, a shafe rabin ƙasa daga zuciya tun kafin a tambaya. Ɗan Zango yana da abin da baƙon Turai ba shi da shi: direbobin da ke bin hanyar Paga ta Gana kullum da tumatir da shanu, da ɗan'uwa mahauci a Po, da surukai a Leo. Labarin hanya yana zuwa masa da ɗuminsa, ba sai ya jira sanarwar ofishin jakadanci ba.

Kuma akwai hasarar da ke cikin ƙauracewa, wadda ba a cika lissafawa ba. Wurare irin su Nazinga sun daɗe suna dogaro da baƙi da maharba daga waje. Yanzu Amurka da ƙasashen Turai suna gargaɗin mutanensu kada su zo, Air France ta dakatar da jiragenta zuwa Wagadugu a Agustan 2023. Idan kuɗin shiga ya tsaya, mai gadi yana rasa man babur, madatsa tana cikewa da yashi, ɗan jagora yana komawa haƙar zinariya ko ƙona gawayi, dajin da babu idon kowa a cikinsa kuma shi ne wanda mai mugun nufi ke so. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan a Kure, kilomita kusan 60 daga Yamai. Raƙuman dawan da suka rage 49 kacal a 1996 sun haura 600 saboda ƙauyuka sun ga amfaninsu, har aka ɗebi wasu zuwa Gadabeji ta jihar Maraɗi a 2018. Da aka kashe mutum takwas a can ranar 9 ga Agusta 2020, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ƙafar baƙi ta ɗauke, masu jagorar da suka rayu da nuna dabbobin suka rasa abin yi. Dukiyar da cinikinta ya rataya a wuyan baƙo ɗaya, ranar da ya fasa zuwa ta zama kufai. Yankari ta Bauci ba ta tsaya da ƙafafunta don Turawa ba, 'yan makaranta da iyalai daga Kano da Jos da Gombe ne ke cika masaukinta na Wikki lokacin hutu.

Wani zai ce ai wannan shagalin masu ƙoshi ne, a ƙasar da 'yan gudun hijira ke kwana a gefen birni. Ban raina wannan magana ba, amma tana ɗauka cewa kuɗin da ba a kashe a hanya ba zai tafi ga mabuƙaci, alhali yawanci yana tafiya ga anko da sabuwar waya. Mutanen Zango kuma ba baƙin haɗa tafiya ba ne. Kowace shekara ana yin karo-karo a ɗauki mota zuwa Mauludin Ramatoulaye a Yatenga, ko Kiota, ko Kaulaha, mata suna zuba adashi wata da watanni domin biki a Kumasi. Tsarin yana nan, da mai riƙe kuɗi da mai kula da abinci da dattijon da ake jin maganarsa, wato madugu da uban dawaki da sabon suna. Idan mutum goma sha biyu suka raba kuɗin shata da mai, aka ɗauki tukunya da buhun shinkafa da tabarmi da butoci, nauyin ba ya wuce na zuwa biki. Maganar cewa daji harkar Bature ce kuwa, tarihin ƙasar bai yarda da ita ba. Norbert Zongo, editan jaridar L'Indépendant, wanda sunansa na dangin Mosawa ne, yana da gandun namun daji nasa a Sissili, kuma a kan hanyarsa ta zuwa can aka kashe shi kusa da Sapouy ranar 13 ga Disamba 1998.

Zangon da na fi so a daɗe a cikinsa shi ne Tiebele, kimanin kilomita 30 gabas da Po, gidan sarautar Kasena, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a Yulin 2024. Shi ne na huɗu a ƙasar, bayan kufan Loropeni a 2009, da dazuzzukan W da Arli a 2017, da tsoffin matoyar ƙarfe a 2019. Maza ne ke gini, mata ke zane. Kafin damina suna shafe bango da jar ƙasa, su zana shi da baƙi da fari, su goge da dutse har ya yi sheƙi, sannan su yayyafa masa ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa don kada ruwan sama ya wanke shi. Baƙon Turai yana rubuta wannan a matsayin abin mamaki. Tsohuwar Bahaushiya kuwa da ta gani za ta ce makuba ce, irin wadda ake zuba wa daɓe da katanga a Katsina da Zariya. Siffar ɗaki tana faɗin mai shi: zagayayye na saurayi, mai kusurwa huɗu na sababbin ma'aurata, mai kama da ƙwarya biyu a haɗe na tsofaffi da jikoki. Ga kada da maciji da ƙadangare a jikin bango, kowanne da ma'anarsa a wurin masu gidan.

Sai ƙofar. Gajera ce ƙwarai, sai an durƙusa ake shiga, da an shiga kuma ga wata 'yar katanga a gaba cikin duhu, yadda duk wanda ya kutso da mugunta zai miƙa wuyansa ga na ciki. Ba don ado aka yi ta haka ba. Ƙasar Gurunsi, wadda Kasena ke cikinta, ta sha hare-haren masu kamun bayi, mafi muni kuwa na mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Alfa Hano da Gazari da Babatu, daga wajajen 1860 har zuwa 1897 da sojojin Turawa suka karya su. Akwai Hausawa a cikin rundunar, kuma labarinta mafi cika wani Malam Abu ne ya rubuta shi da ajamin Hausa a farkon ƙarni na 20. Mutanen da aka kama a waɗannan ƙauyuka an sayar da da yawansu a Salaga, kasuwar da kakanninmu ke sayen goro, wasu kuma ayari ya koma da su gabas. A Sandema ta Gana har yau ana bikin Feok don tunawa da ranar da aka kori Babatu. Ba daidai ba ne a yi alfahari da madugu a ɓoye wannan. Ina ganin ma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ɗan Zango ya kamata ya je Tiebele da ƙafarsa, ya gaida masu gida, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya, ya biya abin da aka yanka ba tare da ciniki ba, ya durƙusa ya shiga ta wannan ƙofa da 'ya'yansa a bayansa, ya bar ɗan jagora Bakasene ya faɗa musu dalilinta da bakinsa.

Malamai ma suna da tambaya, musamman game da kadojin Bazule, kilomita kusan 30 yamma da Wagadugu, da na Sabu da na Paga a tsallaken iyaka. Mutanen Bazule suna riƙe da cewa kada ne ya nuna wa kakanninsu ruwa a shekarar fari, don haka ba su kashe shi, idan ya mutu suna binne shi kamar mutum, suna yi masa bikin shekara da yanka. Kadoji fiye da ɗari suna kwance a bakin tabki, yara suna wasa kusa da su, mata suna ɗiban ruwa. Musulmi ba zai yi yanka ga kada ba, kuma babu wanda ya tilasta masa. Kallon halitta daban, shiga ibadar wani daban. Littafin da muke karantawa yana da surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, yaron allo yana haddace Suratul Fili tun yana ɗan shekara biyar, sau da yawa har ya tsufa bai ga dabbar da ake magana a kanta ba. Abin da zan hana shi ne wasan da ake yi wa baƙi, a ɗaure kaza da rai a sanda a riƙa jan kada da ita, ko mutum ya hau bayansa don hoto. Masana sun tabbatar a 2011 cewa kadan Afirka ta Yamma jinsi ne daban da na Nilu, kuma bai kai shi faɗa ba, amma kada dai kada ne, kaza kuma tana da haƙƙi.

Wanda ƙorafinsa ya fi nauyi shi ne manomin da ke bakin daji. Giwar da ɗan birni ke sha'awa ita ce ke share masa gonar masara ko doya a dare ɗaya, kuma giwayen nan ba su san iyakar gandu ba, suna kai da kawowa tsakanin Kabore Tambi da Nazinga da arewacin Gana ta hanyoyin da yanzu gonaki suka cinye. An ware wa ƙauyukan kewayen Nazinga yankunan farauta nasu domin su riƙa samun rabo, amma rabo daga babu, babu ne. Idan maharbin Turai ya daina zuwa, mai kallo ma bai zo ba, abin da ya rage wa manomi daga giwa shi ne ɓarna kawai, kuma ba za a zarge shi ba idan ya rufe ido ga mai neman haure. Saboda haka yadda aka kashe kuɗin ya fi yawansa muhimmanci. A ɗauki jagora ɗan ƙauyen, a sayi zuma da kifin madatsa a hannun masu shi, a biya kuɗin shiga a karɓi takarda. Direba ya tsaya kan turba, ya kashe inji idan garke ya fito, kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta, ledar ruwa da gwangwani kuma su koma Wagadugu a motar da ta kawo su.

Idan jagaba ya dawo ya ce kudu ba ta buɗe ba bana, akwai zangunan kusa da ba su buƙatar kwana. Bazule tafiyar hantsi ce. Laongo tana gabas, bayan Ziniare, inda masassaƙa daga ƙasashe da dama ke sassaƙa duwatsu a fili tun 1989, kusa da makarantar da Francis Kéré ya zana, ɗan Gando da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker ta magina a 2022. A cikin birnin ma akwai dajin Bangr-Weoogo, wanda sunansa da Mosanci ke nufin dajin neman sani, fiye da hekta 200 na itatuwa da tsuntsaye da kadoji a bayan madatsun ruwan birni. Malamin allo da ya cika hayis da almajiransa ranar Alhamis, ranar da ba a karatu, zai kai su can su yini a inuwa, ya dawo da su kafin kiran magariba.